Wasannin kwaikwayon aiki na kwamfuta da salula: asalinsu, ire-irensu da abin da suke ci

Idan aka ce wasan bidiyo, abin da ke fara zo ma yawancinmu a rai shi ne ɗakunan wasa na unguwa, inda yara da samari ke biyan ƴan canji su buga ƙwallo a PlayStation, ko kuma wasan harbe-harbe da ake yi a salula. To akwai wani reshe na waɗannan wasanni da bai cika hayaniya ba, kuma manya ne suka fi riƙe shi: ma'aikacin ofis, malamin lakwal, ɗan kasuwa, har da wanda ya yi ritaya. Shi ne wasan kwaikwayon aiki, wanda masu yin sa ke kira similata. Kada a haɗa shi da wasan kwaikwayon da muke sa maku a rediyo. Nan abin da ake kwaikwaya sana'a ce ta gaske, da ƙa'idodinta da wahalarta: tuƙin babbar mota, tuƙin jirgin sama, noma, shugabancin gari, horar da ƙungiyar ƙwallo.

Bambancinsa da sauran wasanni a fili yake. A wasan tseren mota na yara, ka bugi bango ka ci gaba da gudu kamar ba a yi komai ba. A similata, idan ka bugi bango motar ta lalace, kayan da ka ɗauko sun yi asara, kuma kuɗin gyara daga aljihunka na cikin wasan za su fita. Sau da yawa ma babu abokin gaba, babu wanda za ka ci, babu ranar da za a ce wasa ya ƙare. Aiki ne kawai, sai dai aikin da kai ka zaɓa, kuma kana iya ajiye shi duk lokacin da ka ga dama.

Daga makarantar matuƙa jirgi abin ya fito

Tun kafin a san kwamfuta aka fara wannan dabara. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati mai siffar ƙaramin jirgi, yana juyawa yana karkata da ƙarfin iska. Mahaifinsa masana'antar kayan kiɗa gare shi, daga can ya samo zugazugan da ke motsa akwatin. Da farko ba a ɗauki abin da muhimmanci ba, har a wuraren shaƙatawa aka riƙa kafa shi don nishaɗi. Sai a 1934, bayan matuƙan sojan Amurka da dama sun mutu suna jigilar wasiƙu cikin hazo da duhu, rundunar ta sayi guda shida don koya ma mutanenta tuƙi da agogunan jirgi kaɗai, ba tare da ganin ƙasa ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera sama da 10,000.

Da ƙananan kwamfutoci suka shiga gidaje, wani injiniya mai suna Bruce Artwick ya mayar da dabarar zuwa allo, kamfanin Microsoft kuma ya fitar da nasa Flight Simulator a 1982. Wato wannan wasa ya girmi Windows kanta, wadda ta fito a 1985. Daga nan sai SimCity a 1989. Wanda ya ƙirƙiro shi, Will Wright, yana aikin wani wasan yaƙi ne na jirgi mai saukar ungulu, sai ya lura zana garuruwan da za a jefa ma bam ya fi yi masa daɗi bisa ga jefa bam ɗin. Bayan ya gama wasan yaƙin, sai ya yi wasan gina gari.

Babbar mota

Wanda ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne Euro Truck Simulator 2, don shi ne ya nuna ma duniya cewa aikin da ake ganin mai gundura ne yana iya zama abin sha'awar miliyoyin mutane. Kamfanin SCS Software na birnin Prag a ƙasar Cek ya fitar da shi a watan Oktoba 2012, kuma har yanzu ana ƙara masa ƙasashe da hanyoyi. An sayar da sama da kwafi miliyan goma. A 2016 suka fitar da ɗan'uwansa na hanyoyin Amurka, American Truck Simulator.

Ga yadda abin yake. Kana farawa ba ka da mota, direban haya ne kai, kamfanoni na ba ka kamiyo da kaya ka kai wani gari a biya ka. Idan ka tara ƴan kuɗi, ko ka ci bashin banki, sai ka sayi taka: Scania, Volvo, MAN, DAF, Mercedes-Benz, Renault ko Iveco, irin dai waɗanda tsofaffinsu ke ƙarewa a kan hanyoyinmu. Daga nan gazuwal naka ne, kuɗin hanya naka ne, gyara naka ne. Ka ƙetare jar wuta a ci ka tara, ka wuce gudun da aka ƙayyade a ci ka tara. Idan ka daɗe bisa hanya ba ka yi barci ba, direban ya fara hamma, allon ya riƙa yin duhu, dole ka nemi wurin tsayawa. Wanda ya yi haƙuri yana iya sayen gareji a garuruwa da dama, ya ɗauki direbobi aiki, ya zama mai kamfanin sufuri.

An matse taswirar kamar sau 19. Idan muka kwatanta da tamu hanyar, tafiyar Yamai zuwa Maraɗi da ta haura kilomita 600 za ta zo kamar rabin awa ke nan. Rana na faɗuwa, a kunna fitila, ruwa ya sauko a kunna abin share gilashi. Kuma ga wani abu da mu ma'aikatan rediyo ba za mu ƙi faɗa ba: a cikin motar akwai rediyo, yana kama tashoshin gaske da ke watsa shiri ta intanet, mutum ma na iya ƙara tashar da yake so. Mutane da yawa a nan daɗin wasan yake gare su, tuƙi a hankali cikin dare ana sauraren labarai.

Abin da ya fi ba sababbin shiga wuya shi ne ajiye tirela da baya. Ka juya sitiyari dama, gindin tirela ya nufi hagu, ka ƙara kaɗan ta naɗe. Duk yaron mota da ya taɓa tsayawa bayan tirela a tasha yana ɗaga hannu yana cewa “zo, zo, tsaya!” ya san wannan aiki ba na gaggawa ba ne. A wasan ma haka yake, sai an yi ta maimaitawa ana kallon madubi.

Ga wanda ba ya da kwamfuta, akwai irinsu a salula. Bus Simulator Indonesia na kamfanin Maleo, wanda ya fito a 2017, kyauta ake sauke shi, kuma yana bari mutum ya yi ma kar ɗinsa fenti da rubutu yadda ya so. Akwai kuma Truck Simulator: Ultimate na wani kamfanin Turkiyya, Zuuks Games. Ba su kai na kwamfuta zurfi ba, kuma talla ta yi masu yawa, amma ta nan mafi yawan mutanenmu za su fara ɗanɗanawa.

Jirgin sama, har da sararin Nijar

Flight Simulator na 2020, wanda kamfanin Asobo na birnin Bordo a Faransa ya yi ma Microsoft, ya zo da abin da ba a saba gani ba. Duniya ce gaba ɗaya a ciki, an gina ta daga hotunan tauraron ɗan'adam, da filayen jirgi kimanin 37,000. Namu ma suna ciki. Mutum na iya tashi daga filin Diori Hamani na Yamai, ya bi kogi, ya juya gabas ya bi kwaltar da ta ratsa Doso da Ƙonni har ya sauka Maraɗi ko Damagaram, ko ya nufi arewa ta Tawa ya ga duwatsun Abzin. Sai dai kada a sa ran ganin soron gidan kaka. Na'ura ce ke ƙiyasta siffar gine-gine daga hoton sama, shi ya sa hanyoyi da gulabe da tsarin unguwanni ke fitowa daidai, gidajen kuma sau da yawa ba su kama da namu na laka ba.

Wasan yana iya ɗauko yanayin sama na gaske a daidai lokacin da ake yin sa. Yana kuma lissafa abubuwan da matuƙi na gaske ke lissafawa. Misali, iska mai zafi ba ta da kauri, don haka ƙaramin jirgi da zai tashi da tsakar rana a zafin watan Afrilu yana buƙatar doguwar hanya kafin ya ɗaga, fiye da yadda zai buƙata da asubahin lokacin sanyi. Wanda bai san haka ba zai ga ƙarshen titin jirgi na matsowa shi kuwa yana ƙasa.

Wasu sun kai abin nesa. Akwai dandalin VATSIM da IVAO, inda ƴan sa-kai ke zama masu ba jirage umurni daga hasumiya, suna magana da matuƙa ta murya da kalmomin da ake amfani da su a aikin gaske. Duka ɓangarorin biyu a ɗakunansu suke zaune, ba kuma wanda ake biya. A nan gida, makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA da ke Yamai tana horar da masu wannan aiki na gaske daga ƙasashen Afirka da dama, kuma sana'a ce da a ko'ina cikin duniya sai an yi ta gwaji a na'urar kwaikwayo kafin a damƙa ma mutum jirgi mai ɗauke da rayuka.

Noma, gari da ƙwallo

Farming Simulator na kamfanin Giants Software a Suwizalan ya fara fitowa a 2008. Noman Turai da Amurka ne na manyan injuna, John Deere, Massey Ferguson, Fendt da sauransu. Ka yi huɗa, ka shuka, ka zuba taki, ka girbe, ka jira farashi ya tashi kafin ka sayar. Dawa ta shigo cikin wanda ya fito a 2021, shinkafa a na 2024. Gero dai ba ya cikin amfanin gonar da wasan ke zuwa da su, balle hauya da kalme. Manomin Tasawa zai yi dariyar gonar da ba fari ba tsuntsaye, amma lissafin bashin tarakta da ajiye hatsi har ya yi tsada ba baƙonsa ba ne.

A wasannin gina gari, SimCity da magajinsa Cities: Skylines na 2015, kai ne magajin gari. Ka ja ruwa da wuta, ka yanka filaye, ka sa haraji, ka nemi inda za a zuba shara. Idan ka zubar da ƙazamin ruwa sama da inda famfon gari ke ɗiba, mutane su kwanta ciwo. Football Manager kuwa ba a buga ƙwallo da hannu a cikinsa sam. Kai ne mai horarwa, aikinka saye da sayar da ƴan wasa, tsara dabara da jure fushin shugabannin ƙungiya. Bayanan ƴan wasan da ke ciki sun yi inganci har ƙungiyar Everton ta Ingila ta ƙulla yarjejeniya da masu wasan a 2008 don ta riƙa duba su wajen neman ƴan wasa.

Me babba ke nema a ciki?

Tambayar da uwargida ko abokan fada za su yi ke nan, kuma tambaya ce mai kyau. Mutum ya wuni wurin aiki, ya dawo gida ya zauna yana wani aikin da ba a biyan sa. Da farko dai, zancen cewa wasan bidiyo na yara ne ya tsufa. Yaran da suka fara shi a shekarun 1980 da 1990 su ne iyaye yau, kuma ƙididdigar da masu wannan masana'anta ke fitarwa a Amurka na nuna matsakaicin shekarun mai wasa ya haura 30.

A ganinmu abin da ke riƙe babba shi ne tsari. A rayuwa kana iya yin aikinka daidai albashi ya makara, ka shuka a kan lokaci ruwa ya ɗauke. A similata ƙa'ida ba ta canzawa: ka kai kaya lafiya a biya ka nan take, ka yi kuskure ka ga inda ka yi shi, ka sake. Ga kuma buri na ƙuruciya. Mutane nawa ne suka so zama matuƙan jirgi kuɗin makaranta ya hana? Sannan wasa ne da ba ya son saurin yatsa irin na samari, haƙuri da lura yake so. Kakanninmu ma da girmansu suke zama gindin itace suna dara, ba wanda ya ce masu yara.

Yana koya tuƙi?

A nan ne ya kamata a yi hattara, don akwai samarin da ke cewa sun iya mota saboda sun yi wata da watanni a similata. Abin da wasan ke koyarwa da gaske shi ne alamomin hanya, amfani da madubi, barin tazara, yadda doguwar mota ke cin kwana, karanta taswira, da ɗan Turanci ko Faransanci na sana'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya je oto-ekol da shi zai fi saurin ganewa.

Amma jiki ba ya koyon nauyin mota daga allo. Ba ka jin yadda lodi ke tura ka a gangara, ba ka jin taya na nutsewa cikin rairayi, ba ka san tsoro ba tunda ka san ana iya sakewa. Hanyoyin wasan kuma na Turai ne, sumul, kowa na bin layinsa. Babu amalanken jaki da ke fitowa ba fitila bayan magariba, babu garken shanu da ke ƙetare kwalta, babu ɗan kabu-kabu da zai shigo ta damanka, babu rami. Similata ba ta zama permi, jandarma kuma ba zai karɓe ta ba.

Masu son wasan kan kawo labarin Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya da ya ci gasar wasan Gran Turismo a 2011, ya zama direban tsere na gaske, har ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2013. Gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cikin mutum kimanin 90,000 aka zaɓo shi, kuma sai da kamfanin Nissan ya yi watanni yana horar da shi a motar gaske kafin ya shiga babbar gasa.

Kuɗin da yake ci

Wasan kansa ba shi ne mai tsada ba. Euro Truck Simulator 2 kusan yuro 20 ne a kantin intanet na Steam, wato wajen jaka 13 na sefa, kuma lokacin rangwame yakan sauko ƙasa da jaka biyar. Sai dai ƙarin taswirori kowace da kuɗinta, idan aka tara su sun ninka kuɗin wasan sau da yawa. Biyan ma galibi sai da katin banki mai aiki a intanet. Masu sauke na sata kuwa su sani ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fi shiga, kuma kwamfutar da ake aikin ofis ko ajiye lissafin shago da ita ba wurin wannan kasada ba ce.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne na'ura da mega. Wasan kamiyo yana tafiya a kwamfuta matsakaiciya, kuma bayan an sauke shi ba ya buƙatar intanet. Flight Simulator na 2020 kuwa ya haura giga 100 wajen saukewa, yana son kwamfuta mai ƙarfi ko Xbox, kuma yana ci gaba da jan hotunan ƙasa daga intanet muddin ana tafiya. Ga mai sayen mega kaɗan-kaɗan, wannan ba nasa ba ne, gara a faɗi gaskiya. Sitiyari mai feda uku irin Logitech G29 ya wuce jaka ɗari, amma ba dole ba ne, da madannan kwamfuta ko abin riƙewa na PlayStation ma ana yi. A ƙara da matsalar wuta da zafi: kwamfutar wasa tana ɗumama ƙwarai, ƙurar hunturu na toshe mata fanka, ɗaukewar wuta farat ɗaya kuma na iya lalata ta.

Na salula da ake ce ma kyauta su ne suka fi buƙatar sa ido. Da ƙananan saye suke cin kuɗi, yau sabuwar mota, gobe fenti, jibi a cire talla. Wasu wasannin kuma suna sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki wannan a matsayin caca tun 2018. Duk wasan da ya ce ka sa kuɗi don ka ci kuɗi ya fita daga abin da muke magana a kai, caca ce, hukuncinta kuma sananne ne wurinmu.

Lokaci da lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa larurar kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a Janairu 2022. Ba yawan awoyi kaɗai take dubawa ba. Alamomi uku ta ambata: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na tsayawa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da abin ke yi masa. Galibi sai hakan ya kai wata 12 kuma ya taɓa aiki ko iyali sosai kafin likita ya kira shi ciwo, kuma hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan.

Similata tana da nata tarko, tunda ba ta da ƙarshe. “Bari in kai wannan lodi ɗaya” shi ne ke kai mutum ƙarfe biyu na dare, asuba ta kuɓuce, a je aiki ana gyangyaɗi. Magidancin da ya ga kiran salla na wuce shi, ko kuɗin cefane sun fara komawa mega, ko yara sun daina zuwa wurinsa da dare saboda ya juya masu baya, ba sai ya jira wata 12 ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a yanke adadin tafiya kafin a zauna, a kuma zaɓi gajerun hanyoyi a daren da za a tashi aiki.

Ga ido, likitoci na ba da shawarar kowane minti 20 a ɗauke kai daga allo a kalli abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Wasu kan ji jiri ko tashin zuciya a wasan tuƙi, saboda ido na ganin motsi jiki kuwa yana zaune. Matsawa baya daga allo da kunna fitilar ɗaki na rage shi. Iyaye kuma su duba lambar PEGI da ke jikin wasa, 3, 7, 12, 16 ko 18, ita ke nuna shekarun da ya dace da su. Na kamiyo da na noma duka 3 ne, don haka uba na iya zaunar da ɗansa kusa da shi, ɗaya na tuƙi ɗaya na karanta taswira.